Taku Tara

Daga bangon bayan gidanmu zuwa bakin kwari,
shekarar da aka haifi Dudu, taku arba'in da ɗaya ne.
Na auna da ƙafata, ba takalmi.
Bara sha bakwai.
Bana tara.

A nan Bolari ba ma ce masa zaizayar ƙasa,
wannan sunan na mutanen rediyo ne.
Maƙwabci muke ce masa,
mai matsowa ba sallama.
Ya ci mangwaron Malam Gidado, ya bar saiwa a sama
kamar yatsun wanda ruwa ya tafi da shi.
Ya ci rijiyar da kakana ya haƙa.
Ya haɗiye madafar Goggo Tabawa
har da geron da ta jiƙa don kunun safe.

Da can, in hadari ya taso daga gabas,
yara na tsalle, mata na jera bokiti ƙarƙashin indararo.
Yanzu gari na yin baƙi, cikina ke fara ɗurar ruwa.
Nakan kwana zaune, takardar gida a leda cikin rigata,
ina jin ƙasa tana ɓantarewa,
tim.
Shiru.
Tim.
Wa zan gaya wa ina tsoron rahama?
Ruwan da na fita roƙo da bakina,
shi nake addu'a ya wuce Deba.

Na yi fushi da masu tifa da ke kwasar yashi,
da masu gawayi da suka aske tudu ƙwal,
da damina da ta manta watanta:
ta ƙi zuwa kwana arba'in,
ta zo ta juye na arba'in ɗin a dare guda.
Sai na tuna gatarin da na sa wa darbejiyar ƙofarmu
ranar sunan Dudu, don a dafa wa baƙi shinkafa.
Fushin ya juyo, ya zauna kusa da ni, muka yi tagumi tare.

Wata Asabar, Lamela mai ɗinki, 'yar Kaltungo,
ta sauke buhunan siminti sittin, ba komai ciki.
Ta ce, "Hawaye ba ya cika rami. Na gwada."
Hammadikko ya aro baro.
Ladan ya yi shela bayan la'asar,
washegari aka sanar a coci.
Gayya ta tashi.
Wani da shebur, wata da kwanon sha,
Goggo Tabawa da ba ta iya sunkuyo
ta riƙe mana bakin buhu, tana zagin wanda ya makara.
Daga Dadin Kowa aka ɗauko jema a bayan babur,
muka dasa ta layi-layi kamar kitso.
An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.
Mu ba jinka ba ce a gabanmu,
ƙasar da ɗakin zai tsaya a kai muke riƙewa.

Daren Talata ruwa ya zo.
Da asuba buhu goma sha ɗaya muka ƙirga.
Ba wanda ya kalli idon wani.
Hammadikko ya zauna cikin baro ya rufe fuska da hula.
Sai Dudu ta leƙa gangare ta ce,
"Baba, ciyawar ba ta tafi ba."

Ba ta tafi ba.
Ta kwanta, ta sha taɓo, amma ta cije ƙasa.

Muka koma. Ba duka ba; wasu sun gaji, ban ga laifinsu ba.
Lamela ta sake ɗinki.
Na dasa darbejiya inda na sare,
Dudu na ba ta ruwan wanke-wanke safe da yamma.

Jiya aka ɗauke ruwan ƙarshe.
Na cire takalmi, na jingina dunduniya da bango,
na taka, ina ƙirgawa a hankali.
Tara.
Bai zama goma ba.
Amma na tsaya a bakin kwari na daɗe,
don bai zama takwas ba.